Wando a Ƙarƙashin Siket

Shekarar da na samu satifikar gama firamare, Baba ya daɗe bai ce uffan ba game da tafiyata kolej. Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Koona, kuma a lokacin duk yaron da zai wuce firamare sai ya tafi Tasawa. Maza suna tafiya ba tare da dogon zance ba. Ɗiya mace kuwa, sai an zauna an duba. Na yi kuka, Inna ta yi lallashi, Baba dai ya saɓa hauyarsa ya tafi gona.

Gwaggo ce ta sauko da shi, ƙanwarsa da ke aure a Tasawa. Ta zo mana gaisuwa da damina, ta same shi yana gyaran ƙotar hauya a gindin itacen bedi.

"Yaya, ka kwantar da hankalinka," in ji ta. "'Yan matan kolej ɗin nan tufafi iri ɗaya suke sawa, siket har ƙasa da hijabi. Ko daga nesa ka hango yarinya ka san 'yar lakwal ce, ba mai tare ta a hanya. Kuma a ɗakina za ta kwana."

Sai Baba ya ce, "To, in haka ne, Allah ya sa albarka."

Na fara da wannan ne don kada mai karatu ya ɗauka ni maƙiyiyar tenu ce, wato kayan da lakwal, makarantar boko, ke sa kowa ya sa. Ba don shi ba, da wataƙila ban taɓa taka ƙofar kolej ba.

Tela a kasuwar Tasawa ya ɗinka mini shuɗin siket da riga mai dogon hannu. Gwaggo ta sa ya ninke ƙasan siket ɗin sosai, don in na ƙara tsawo a warware. Ranar farko da na sa, na ji kamar an ƙara mini shekaru. A cikin kilas, ɗiyar babban ɗan kasuwa tana gabana, ɗiyar ma'aikacin gwamnati tana bayana, kuma duk kamarmu ɗaya. Sai ka matso kusa za ka gane wadda yadinta ya fi laushi. Ga yarinyar da ta taso da zane biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hijabin ne ya fara nuna mini wata fuskar. Fari ne fat, haka doka ta ce. Wanda ya zaɓi fari, ban ce ya yi da mugun nufi ba, amma na tabbata bai taɓa wanke shi ba. Daga gidan Gwaggo zuwa kolej rairayi ne ja, motoci da amalanken shanu suna tayar da shi. Kafin in kai, gefen fuskar hijabin ya yi launin kunun kanwa. Guda ɗaya gare ni. In na dawo, sai na je layin famfo na ɗebo ruwan gida, sannan in rage kaɗan in wanke shi, in shanya, in yi fatan ya bushe. Kayan maza kaki ne, launin ƙasa. Ɗan Gwaggo da ke aji na gaba da ni yakan sa wandonsa daga Litinin har ƙarshen mako, ba wanda ya gane.

A bakin ƙofar kolej sarbeyan yake tsayawa kowace safiya. Shi ne mai kula da tarbiyya da tsari, dogon mutum mai furfura a gemu, riƙe da siririyar tsumagiya da ban taɓa ganin ya daki kowa da ita ba. Nuni kawai yake yi da ita. Maza suna wucewa ta gefensa gungu-gungu, wani riga a buɗe har ciki, wani ya naɗe hannun riga, wani da silifa ƙafa ɗaya ja ɗaya kore. Sai dai ya ce, "Ku yi sauri, an buga ƙararrawa." Mu kuwa ɗaya bayan ɗaya muke wucewa. Ya dubi hijabi ko ya sauka har gwiwar hannu, ya dubi siket ko ya rufe idon sawu, ya dubi tafin hannu ko akwai lalle. In tsumagiyar ta nuna ki, kin san abin da za a ce: "Koma gida."

A benci ɗaya aka zaunar da ni da wata yarinya daga ƙasar Issawane, can arewacin Mayahi. Baƙa ce siririya, mai dogayen ƙafafu da yawan dariya. Iyayenta Kiristoci ne, manoma masu ɗan garken awaki, kuma tana zaune wurin kawunta da ke aikin gini a Tasawa. Ranar farko ta zo da ɗankwali ɗaure tsaf, irin ɗaurin da matansu ke yi in za su majami'a. Sarbeyan ya nuna ta da tsumagiya. Washegari ta dawo da farin hijabi, ta sa shi a karkace, ɗinkin haɓa yana kusa da kunnenta. Na gyara mata a ɓoye a ƙarƙashin idon mushe, malaminmu na Faransanci, tana ƙunshe dariya. Daga nan muka zama ƙawaye.

Na taɓa tambayarta ko sa hijabin yana damunta.

"Rufe kai ba baƙon abu ba ne wurinmu," in ji ta. "Innata ba ta shiga majami'a kai a buɗe. Abin da ke ba ni dariya shi ne tsofaffin unguwa. Ranar Litinin su ce mini Allah ya kai ki Makka, ranar Lahadi su gan ni da ɗankwali su kasa gane ni."

Ta yi dariya, na yi. Sai daga baya, da na girma, na riƙa tunanin ko dariyar ce kaɗai a ranta. Ban sake tambayarta ba, ita ma ba ta ƙara ba.

A shekara ta uku na miƙe kamar karan dawa. Gwaggo ta warware ninkin siket, sai ga layin sabon shuɗi a ƙasa, sama kuma ya koɗe. Bayan 'yan watanni shi ma ya gaza. Sai ta samo ƙyallen wani yadi mai kama da shi, ta ƙara mini a ƙasa da hannunta. Ɗinkin ya yi kyau, amma shuɗin bai zo ɗaya ba.

Ranar da muke da jarrabawar lissafi, tsumagiyar ta sauko kan ƙafata.

"Wannan siket ne ko tuta?" in ji sarbeyan. "Tenu launi ɗaya ne. Koma gida."

"Mushe, muna da jarrabawa yau."

"Da kin tuna da ita tun jiya."

Ban koma gida ba. Gwaggo ta riga ta tafi kasuwa da ƙuli-ƙulinta, mijinta kuma mutum ne mai yawan tambaya, ina jin nauyinsa. Sai na bi wasu 'yan mata da aka kora tare da ni, ɗaya saboda lalle daga bikin yayarta, ɗaya saboda hijabinta bai bushe ba ta sa na uwarta mai ruwan ƙasa. Ashe suna da wurin zama, gindin wata bishiya bayan tasha. Nan muka zauna har aka tashi daga lakwal. Yaran mota suna wucewa suna jefo mana magana, wani mai kabu-kabu ya tsaya ya ce ko za mu zaga gari. Muka sunkuyar da kai, muka buɗe kaye, littattafan rubutunmu, kamar masu karatu. Ban taɓa jin kaina a tsirara ba kamar ranar nan, alhali a rufe nake ruf.

Mushen lissafi ya ba ni sifili. Da na yi masa bayani, ya ce ya ji tausayina, amma wanda bai zauna ba bai rubuta ba. Gwaggo ta rina siket ɗin duka da shuni ya dawo launi ɗaya, na koma aji. Ban gaya wa Baba ba, don tsoron kada ya ce in dawo ƙauye.

A shekarar ƙarshe, wadda ake yin birbe a cikinta, wato jarrabawar gama kolej, aka kawo mana sabon mushen wasanni, saurayi daga Maradi. Ya ce a jarrabawar birbe akwai gudu da tsalle, kuma makinsu yana shiga lissafi kamar na kowane darasi. Ranar farko da ya sa mu gudu, wata ta taka siket ɗinta ta faɗi, haɓarta ta fashe. Sai ya ce daga yau ba yarinyar da za ta shiga fili sai da wando. Sarbeyan kuma ya ce ba yarinyar da za ta shigo masa ƙofa da wando. Kowannensu yana da hujjarsa, kuma ba su zauna sun daidaita ba. Wurin sauya kaya babu, don bayan gidan 'yan mata ƙofarsa ta cire tun bara.

Sai muka samo hanyarmu: wando a ciki, siket a kai. Da sanyi abin bai dame mu ba. Amma da bazara ta shigo, rufin kilas na kwano ya riƙa sauko mana da wuta. Ranar wasanni kina zaune da wando, da siket, da riga mai dogon hannu, da hijabin roba da ba ya shan gumi. Maza suna fifita da kwalin kaye, riguna a ɓalle. Mu muna jin gumi yana bin bayanmu yana taruwa a ƙugu. Ƙuraje suka feso wa da yawa daga cikinmu. In mushe yana bayani a allo, rabin hankalina yana kan yadda zan ɗaga ƙafa in sha iska ba tare da an gani ba.

Ƙawata kuwa a filin nan ta samu kanta. A aji tsaka-tsaki ce, amma in aka ce gudu, ba mai ganin ƙurarta. Ta taso tana bin awaki a kan tudun rairayi, ƙasar Tasawa mai tauri wasa ce a wurinta. Har maza ta tsere wa, suka ce wai sun bar mata ne. Mushen wasanni ya ce makin gudu zai iya cike mata abin da ta rasa a lissafi.

Wata safiya ta wasanni na hango ta tana tahowa. Ba ta sa siket ba. Wando ne shuɗi mai faɗi har idon sawu, da rigar tenu, da wani dogon farin hijabi na matar kawunta da ya sauka har ƙasan gwiwa. In gaskiya za a faɗa, duk cikinmu ba wadda ta kai ta rufuwa ranar nan.

Sarbeyan ya ɗaga tsumagiya. "Ina siket?"

"Mushe, zafi ya yi yawa. Jikina duk ƙuraje ne."

"Koma ki sa siket."

Ta ɗan rusuna, kamar yadda ake yi wa babba, ta ce, "Mushe, don Allah, me ake gani a jikina?"

Ya dube ta, ya kau da kai. "Wando nake gani. Doka ta ce siket."

Ba ta yi musu ba, ba ta kuma tafi ba. Ta matsa gefen ƙofa ta tsaya a waje, jakarta a ƙirji. Aka rufe ƙofa, muka shiga aji. Ta taga ina hango ta. Rana ta ɗaga, inuwar katanga ta janye ta bar ta, ba ta motsa ba. Ban san abin da aka koyar ba a safiyar nan. Da aka fita hutu, na ɗebi ruwa a randar kilas na kai mata ta tsakanin ƙarafan ƙofa. Wasu 'yan ajinmu suka biyo ni. Ba mu shirya komai ba, mun tsaya ne kawai daga ciki, ita daga waje. Da aka buga ƙararrawar komawa, sai ƙafafunmu suka ƙi tafiya.

Madam ce ta fito, malamar kimiyya, mace ɗaya tilo cikin malamanmu. Ta dube mu, ta dubi ƙawata, ta ce wa mai gadi ya buɗe. Ta kama hannunta ta kai ta inuwar ofis, ta ce mu koma aji. Daga nesa muka ga Madam ta shiga wurin direkta, ta daɗe ba ta fito ba.

Madam ce ta gaya mana daga baya abin da ba mu sani ba game da sarbeyan. Ta ce kusan kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci, sai wani ya tare shi ya ce 'yan matanku sun lalace. Ta ce wani uba ya riga ya cire ɗiyarsa daga kolej don ya wuce ta bakin fili ya ga 'yan mata suna gudu da wando. Sarbeyan yana ganin in ya sassauta, wasu iyayen za su bi sahu, kuma a ganinsa gara a kori yarinya yini ɗaya da a cire ta gaba ɗaya. Ɗiyarsa ta cikinsa tana siziyam, ajin farko na kolej, ita ma ya sha mayar da ita gida. Na ji wannan, haushina ya ragu, amma bai tafi ba. Tsoronsa gaskiya ne. Abin da na kasa ganewa shi ne me ya sa mu kaɗai muke ɗaukar nauyin tsoron.

Direkta ya kira taron iyaye. Baba ya zo daga Koona, baban ƙawata ya zo daga Issawane. Gwaggo ta ce tabarma ɗaya suka zauna, kuma kafin a fara sun gama hirar tsutsar hatsi da farashin dussa. Mu ɗalibai muna waje, abin da na sani daga bakin Gwaggo na ji shi.

Taron ya yi zafi. Wani ya ce a hana 'yan mata wasanni kwata-kwata. Mushen wasanni ya ce to a shirya ganin sun faɗi jarrabawa. Wani ya ce tun farko bai ga amfanin kai mace kolej ba. Madam ta tashi ta ba da labarin zafi da ƙuraje, sannan ta faɗi inda waɗanda aka kora suke yini. A nan ne Baba ya fara jin zancen bayan tasha. Ya juya ya dubi Gwaggo, ta sunkuyar da kai, ya gane.

Baba ba mai magana a taro ba ne, amma ya miƙe.

"Ni na yarda da hijabi, na yarda da siket," in ji shi. "Don su ma na bar ta ta zo. Amma na kawo ɗiyata ne ta zauna cikin katangar nan. In kayanta ba su yi ba, ku bar ta a aji, ku aika a kira ƙanwata ko ni. Laifinmu ne, mu ke ɗinka mata. Kada ku tura mini ita titi."

Baban ƙawata ya yi magana bayansa, a taƙaice. Ya ce duk abin da lakwal ta ce ɗiyarsa ta sa, ta sa, bai taɓa zuwa ya yi gardama ba, ko da abin ba al'adarsu ba ce. Roƙonsa ɗaya, a gaya wa yarinya magana ɗaya, kada wannan ya ce wando wancan ya ce siket.

Abin da aka yanke bai kai yadda muka so ba, amma ba a tashi haka nan ba. Aka kafa zana bayan azuzuwa, inda za mu sauya kaya ranar wasanni. Aka ce ba za a sake korar yarinya ranar jarrabawa ba. Sauran ranaku, kora ta ragu, ba ta ƙare ba. Farin hijabi ya zauna har muka gama. Aka kuma ce maza su riƙa ɓalla maɓallan rigunansu, suka yi na ɗan lokaci, aka manta.

Bayan taron Baba ya same ni a ƙofar gidan Gwaggo. Na ɗauka zai ce in haɗa kayana. Sai ya ce, "Me ya hana ki gaya mini?"

Na ce, "Na ji tsoro ka mayar da ni gida, Baba."

Sannan ya ce in ɗauko mayafina, muka tafi wurin tela ya auna ni don sabon siket.

Ƙawata ta yi gudunta ranar birbe, ta kuma ci jarrabawar. Ni na faɗi a karon farko, lissafi ya kayar da ni, sai shekara mai zuwa na samu. Ta wuce Maradi ta yi karatun aikin lafiya, yanzu ungozoma ce a can arewa, kusa da garinsu. Mukan yi waya in sallah ta zo ko Kirsimeti. Sarbeyan ya rasu 'yan shekarun baya, na je gaisuwa, don ban da zancen ƙofa mutum ne da ya riƙe mu da amana.

Ni kuma malama na zama, ina koyarwa a wani kolej a ƙasar Mayahi. Har yau ban iya ba da amsa guda in aka tambaye ni ko dokar tufafin 'yan mata adalci ce. Na ga yaran da ba don ita ba da suna gida. Na kuma ga yadda ake zuba wa yarinya ido a kan abin da ba a ko kallon ɗan'uwanta a kai, har ta taso tana jin jikinta wani laifi ne da take yawo da shi.

Bara, da aka ce za a sauya telan da ke ɗinka mana tenu, wasu 'yan ajina suka same ni lokacin hutu, suna tura juna gaba. Na zaci za su ce hijabi ya yi tsawo ko siket ya yi faɗi. Babbar cikinsu ta ce, "Madam, abu biyu ne. Siket ɗin nan launinsa ya yi haske. In kwanakin wata suka zo, wasunmu ba sa zuwa, don tsoron tashi daga benci a gaban maza." Sai ƙaramarsu ta karɓa: "Kuma a sa mana aljihu, Madam. Maza suna da shi a riga da wando. Mu ko bik na rubutu ba mu da inda za mu sa."

Na kai maganar taron malamai. Zancen launi ya ɗauki lokaci, don sai da na faɗi dalilin a fili gaban maza, wasu suka riƙa duban rufin ɗaki. A ƙarshe aka yarda da shuɗi mai duhu. Aljihu kuwa ba wanda ya yi musu, direkta ma dariya ya yi, ya ce shi bai taɓa lura babu ba. Da aka koma lakwal bana, na ga 'yan siziyam suna tafe cikin fili hannu a aljihu, wata ta cika nata da gujiya tana ci tana tafiya.